Daƙiƙa Shida

A saman wani bene a hanyar gidan Zoo,
ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, kwamfuta huɗu,
mu bakwai. Wanda ya makara ya riƙe biro.

Shekara tara ina saɓe da kyamara.
Na ɗauki kuka, na ɗauki rabon gado,
na ɗauki mota tana shiga get ya fi sau ɗari.
Abin da na tarar a gabana shi nake ɗauka.
Yau an ce in zana wanda babu,
in koya masa tafiya.

Malam Nafi'u ya daɗe a Ikko
yana kunna wa masu talla wutar da ba ta ƙuna,
ya dawo da furfura da ciwon wuya.
Ba ya yabo. In ya ce maka "to", ka ci kasuwa.

Koren yadi muka yanko a Kantin Kwari.
Mai shago ya ce, "Anko ne?"
Muka ce biki ne, amma ba ango.
Muka kafe shi a bango, muka tsayar da Sagiru,
ashe hular kansa koriya ce.
Da aka zare koren, sai ga mutum a bakin teku
yana jawabi, rabin kansa ruwa.
Zulai ta yi dariya har zoɓo ya sarƙe ta.

Sai darasin tafiya.
Hoto ashirin da huɗu a daƙiƙa guda,
mutumina yana sulalewa kamar an ja shi a kan santsi.
Malam ya leƙo, ya ce, "Wannan ba shi da nauyi.
Bai taɓa cin bashi ba.
Kashe na'urar, ka tafi Ƙofar Wambai,
ka zauna, kada ka sayi komai."

Kwana uku ina zaune.
Ɗan dako, wuyansa ya riga ƙafarsa sanin kaya.
Mai ciki ƙugunta ke neman hanya kafin taku.
Dillali kuwa rabin tafiyarsa gaisuwa ce.
Ashe kafin mutum ya yi gaba
sai jikinsa ya ɗan koma baya,
ni da nake tafiya shekara talatin da uku ban sani ba.

Mako biyu na yi a kan daƙiƙa shida.
Daren da muka ɗora shi ya dahu,
saura ƙiris, aka ɗauke wuta.
Inji ba mai. Muka yi karo-karo,
Sagiru ya sauka da jarka,
muka koma fari, har aka kira assalatu.

Malam ya kalla sau uku.
"Kafaɗar hagu ta faɗi. Kuskure ne?"
Na ce ban sani ba.
Ya ce, "Bar ta."

Na kai wa Inna a waya, can Yakasai,
tana tsintar shinkafa a bakin ƙofar ɗaki.
Mutumin ba fuska, ba riga, toka-toka da shi,
ya taka, ya taka,
kafaɗa ta sunkuya, ƙafar dama ta ɗan ja.
Ta ajiye faifan. Ta ce, "Mayar."
Na mayar.
Kaji suka samu shinkafa, ba ta kore su ba.
"Wa ya ba ka tafiyar babanka?
Haka yake shigowa in an tashi daga masaƙa a Bompai.
Shekararka huɗu fa lokacin."

Ko hotonsa ɗaya ba mu da shi a gidan.

Washegari na faɗa wa Malam, yana goge tabarau.
Ya daɗe yana gogewa.
Ya ce, "To."
Sannan ya ce, "Yau hayaƙi za mu koya.
Wa ya zo da kuɗin mai?"