Riɗin Gadarif a Kotun Jidda

Ni ne tafinta. Kujerata tana gefen hagu,
ƙarƙashin na'urar sanyi mai tarin tsufa.
Kakana da ƙafa ya iso ƙasar nan, shekara bakwai a hanya,
bai bar mini gida ba, sai harshe biyu.
Da su nake ci.

Ranar Talata aka kira ƙara ta tara.
Tanimu Gwadabe, mutumin Gadarif,
ya auno riɗi buhu dubu da ɗari biyu,
ya bi da shi ta Bur Sudan, teku ta karɓa.
Mai saye, Salim Bawazir,
mai matsar mai a bayan Bab Makka,
ya ce tamanin sun iso da fumfuna,
sai ya zauna kan kuɗin duka
kamar kaza kan ƙwai.

Tanimu ya fi ni Larabcin kasuwa.
Ya nemi tafinta ne, in ji shi,
don in ransa ya ɓaci Hausa ke fitowa.

Nan ba a kawo gado, ba a kawo sata.
Zauren ciniki ne zalla:
bashin da ya yi gemu, kamfanin da ya durƙushe,
abokan jari da suka daina gaisawa.

An fara tura su ɗakin sulhu.
Gahawa ta huce ba wanda ya taɓa ta.
Tanimu ya ce, "Shekara goma sha ɗaya da baki muke yi,
ban taɓa ce masa sa hannu ba."
Na mayar da ita Larabci,
amma nauyin "da baki" ya zube mini a hanya.

Alƙalin yaro ne, furfura ba ta san shi ba.
Bai tambayi uban kowa ba.
"Ina takardar jirgi? Wa ya biya inshora?
A wace gaɓa kaya suka bar wuyan mai sayarwa?"
Tanimu ya ɗaga yatsa zai rantse.
"Adana rantsuwarka, Baba, tana da tsada.
Miƙo wayarka."

Sai ga muryar Salim ta cika ɗakin,
ta wani dare cikin Sha'aban, har ana jin cokali a kofi:
"Loda kawai. In ya hau jirgi, nawa ne."
Salim ya gyara zaman rawaninsa.
Bai buƙaci gyara ba.

Na ɗauka an gama. Ashe da sauran rina a kaba.
Aka naɗa masani, wani siriri mai tabarau,
ya shiga sito da tsinken ƙarfe,
ya soki buhu, ya shinshina, ya auna danshi.
Kwana ashirin, ya dawo da shafi tara:
hamsin, ruwan gishiri ne ya bi tsagar kwantena,
talatin kuwa da jiƙonsu aka ɗinke su
tun daga gona.

Da na faɗi "tun daga gona",
Tanimu ya dubi takalminsa.
Ya ce ƙasa-ƙasa, ba don kotu ba,
"Ilu ne, ɗan ƙanena.
Na ce ya ƙara wa rana kwana uku."
Ban fassara ba.
Ba a tambaye ni ba.

Hukunci bai zo da guduma ba,
cikin waya ya faɗo musu, tare, ana gab da la'asar:
Salim ya biya, a cire talatin.
Hamsin ɗin ya nemi masu jirgi.
Wanda bai gamsu ba, yana da wata guda.

A bakin ƙofa zafi ya tare mu kamar mai bin bashi.
Suka tsaya jiran mota, taku huɗu tsakani.
Can Salim ya ce, yana kallon titi,
"Bana yaya damina a wajenku?"
Tanimu ya daɗe yana juya carbi.
"Ta yi," ya ce. "Riɗin fari tas.
Amma wannan karon ka zo da biro."

Da Larabci suka yi ta.
Na koma ciki. Ana kiran ƙara ta goma.