Sittin da Ɗoriya

A Sabuwar Unguwa, ɗakin ƙofar gida,
ƙarfe ɗayan dare, janaretan maƙwabci na tari,
ni da kwamfutar da Yaya Bishir ya bar mani
ranar da aiki ya ɗauke shi zuwa Fatakwal.
Sau sittin allonta ke ƙiftawa cikin sakan guda.
Shekara uku ban sani ba, shekara uku ban damu ba,
sai da Mudansir ya ci ni tsere bakwai a jere,
ya ce, ba hannunka ba ne, idon na'urarka ke da nauyi.

Tun daga ranar barci ya yi ƙaura.

Na kutsa inda maƙeranta suka ja labule,
na goge sittin, na rubuta saba'in.
Allo ya ɗauke kamar mai atishawa, ya dawo.
Na ƙara biyar.
Kai, daɗi!
Motar da ke tafiya tana ɗingishi
ta koma malala kamar man gyaɗa daga ludayi.
Ina hango kwana tun ba ta iso ba,
yatsa ya taɓa, taya ta amsa, babu jan rai.
Daren nan na ci Mudansir har ya ce barci yake ji.

Da na tsaya nan, da babu wannan waƙa.

Na ce wadda ta ɗauki buhu ai za ta ɗauki buhu da rabi.
Tamanin: jan motar ya koɗe kamar atamfar da ta sha shanya,
na ce idona ne.
Tamanin da biyar: wani koren zare ya gitta sararin wasa,
batirin da ke kai ni la'asar ya soma sallama tun azahar,
fanka na huci bisa cinyata kamar tukunyar ɗanwake,
na ce zafin Katsina ne.
Casa'in.

Duhu.

Ga inji na kuka, ga 'yan kallo na ihu,
ni kuwa fuskata nake gani a baƙin gilashi.
Na kashe, na kunna, na yi salati, na sake kunnawa.
Can ciki akwai babi huɗu na Hassatu,
aikin gama karatunta da ta ba ni in buga mata,
ranar Litinin malaminta ke jira.
Bango ɗaya ne tsakaninmu, tana barcinta.

Da safe, Ƙofar Ƙaura, shagon Rabe mai gyara.
Bai yi faɗa ba, ƙosansa yake ci.
Ya goge hannu, ya jona ta da tsohuwar talabijin,
sai ga babin Hassatu, sai ga numfashina.
Ya ce, ka auna arziki.
Wani allon in ya yi fushi ya sauko, wani ya tafi ke nan,
sabo sai an aika Kano, kuɗinsa ya kusa rabin kuɗinta,
kamfani kuwa ba ya biyan ɓarnar da ka yi da gangan.
Allo biyu, gida ɗaya suka fito,
amma kowa da ƙarfin wuyansa.
Naka tun a tamanin yake amsa maka da baki,
yana zubar da hotuna a hanya ba ka lura ba.

Na ce, to in koma sittin?
Ya ɗaga kafaɗa: kayanka ne.

Na bar ta a saba'in,
ɗoriyar da take ɗauka ba ta nishi.
Aikin Hassatu na kwafe shi wuri uku,
har yau ba ta san dalili ba.

Jiya Mudansir ya zo da magariba.
Ya ci ni huɗu, na ci ɗaya.
Na daɗe ina duban allon, sumul, babu zare, babu tabo.
Sannan na dubi hannuna.