Kuɗin Fom Biyu

Bayan isha'i, da aka ɗauke wuta,
na kunna fitilar waya, na kakkaɓe tabarma,
na jera takardun makarantu uku.
Kuɗin fom biyu ne ƙulle a bakin zanena.

Ta farko ta kwana ce, can hanyar Dutsin-ma.
A hoto kore shar, kamar damina ba ta barinta.
Na je ran Asabar. Ban kalli furanni ba.
Katanga na bi da ido, kamu nawa ce,
na tambayi maigadi, da dare ku nawa ne?
Ya ce huɗu. Kujera ɗaya na gani.
Na kutsa kicin ba sallama, na ɗaga murfi:
wake na iyo a ruwa, kowane da filinsa.
Amma na tsaya jikin tagar wani aji,
na ji wata malama tana jan lissafi
a hankali, kamar mai tsefe kan jaririya,
har ni da na tsufa sai da na gane.

Ta biyu jeka-ka-dawo, bayan Ƙofar Ƙaura.
Akwai fanka. Akwai ɗakin gwaje-gwaje,
kwalabe a jere, ko ƙura babu,
ban sani ba, tsafta ce ko ba a taɓa su.
Lurwanu ya juya rasit ɗin siminti
ya buga kuɗin napep na zuwa da dawowa,
sau kwana biyar, sau mako goma sha uku,
ya ajiye biro, ya ce a ba shi ruwa.

Ta uku hadda da boko a tukunya ɗaya.
Ɗan yayata ya sauke a can, mun ci waina,
sakamakon kimiyya kuwa har yau ba a nuna mana ba.
Ko safa sai a wurinsu za ka saya.

Kowa da tasa.
Gwaggo Huwaila ta ce yaro sai ya bar gida yake zama mutum.
Maƙwabciya ta ce ita ɗanta ba ya kwana
inda kunnenta ba zai jiyo tarinsa ba.
Abokin Lurwanu ya ce a duba motocin iyaye a ƙofa.
Na duba. Babu mai kama da babur ɗinmu.

Ni da nake aikin dare a asibiti,
na san yadda gini ke sauya fuska bayan sha biyu.
Abin da takarda ba ta faɗa ke nan:
wa ke tashi in zazzaɓi ya tashi?

Ashe Mannir idonsa biyu.
Daga cikin gidan sauro ya ce, Umma,
in na tafi ta kwana,
wa zai riƙa ɗiga wa Kaka maganin ido?
Ke hannunki rawa yake in kin dawo aiki.

Na ce yi barci.
Na kai hannu in gyara masa filo,
sai ga wata takardar Dutsin-ma a ƙarƙashi,
ta yi laushi don yawan buɗewa,
ya zagaye filin ƙwallo da jan biro,
ya rubuta sunansa a jikin wata taga.

Da safe na kwance bakin zane.
Ɗaya na kwana, ɗaya na jeka-ka-dawo,
sauran kuma jarrabawa da Mai Sama.
Kafin in fita na hango su a tsakar gida,
Kaka ta ɗaga kai sama kamar mai duban wata,
Mannir riƙe da hannun ƙanwarsa Barira:
ɗigo biyu, ba uku ba,
kuma kada bakin kwalbar ya taɓa ido.