Lissafin Garwashi

Ƙarfe biyun dare a Samaru, an ɗauke lantarki,
batirin kwamfuta saura kaɗan.
Ni da biro da bayan tsohuwar takardar jarrabawa
muna kokawa da wuta.

Ba ta murhu ba, wadda ke cikin alamomi.
Na ɗauki gawayi guda na mai da shi ƙwallo a takarda,
na yanka shi gida-gida kamar ramukan dara,
kowane gida da nasa zafin,
wanda ya fi samu ya ranta wa maƙwabci.
Na tsai da lokaci don in duba wuri,
na tsai da wuri don in duba lokaci,
don ba a sakin biyu a tare
in ana so a bambanta.

Ɗan harafin nan mai lanƙwasa
kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya,
tambayarsa ɗaya ce: in kowa ya tsaya cik,
kai kaɗai nawa ka sauya?
Dakta Gimbiya ta ce, "Hansatu, sa sharaɗi a baki-baki.
Lissafin da babu iyaka gona ce babu shinge,
kowace akuya sai ta keta."

Na sa. Iska ta shiga ta nan, zafi ya fice ta can.
Na'ura ta yi ta niƙa har assalatu,
ta ce gawayin ƙirya mai girman ƙwan zabo
minti ashirin da uku ne kwanansa.
Na ja layi biyu ƙarƙashin amsa,
na kwanta.

Ran Asabar na hau bas zuwa birni,
na sauka Ƙofar Doka, na bi lungun
da kunne ke ganewa kafin ido:
masaba na gaisawa da uwar maƙera.
Baba Jatau na fid da bakin lauje,
Barau ƙanena na kan zugazugi, gumi har haɓa.
Na ce, "Baba, ara mini garwashi ɗaya."
Na ware shi gefe, na ɗora agogo a cinya,
ina jiran duniya ta gaskata.

Ashirin da uku ta zo ta wuce.
Talatin. Barau ya soma murmushi.
Arba'in da ɗaya, yana nan da ransa,
ya yi furfura, yana harara ta da jan ido,
bai san abin da na rubuta ba,
bai kuma nemi ya karanta.

Baba ya sa awartaki ya ɗaga shi, ya hura.
Fari ya tashi, ja ya fito.
"Kin ba shi iska, kin ba shi zafi.
Rigarsa fa?
Garwashi yana cin kansa yana saƙa wa kansa bargo.
Kuma buhun nan ruwan Agusta ya doke shi a hanya,
sai ya gama gumi kafin ya kama.
Waɗannan biyu kika manta."

Ashe iyakar da na gina kamar ganuwa
tafiya take yi,
tana ja da baya zuwa cibiya,
toka na bin sawunta.

Na koma da baƙin yatsa a shafi na tara.
Na ƙara layi don ruwa, layi don toka,
na kwance iyaka na bar ta ta yi tafiyarta.
Kwana shida na'ura na tari, tana tofar da shirme,
a na bakwai ta ce talatin da takwas.

Saura minti uku, ban san inda suka shige ba.
Dakta ta ce kuskure ne mai karɓuwa.
Baba, da na gaya masa, bai ɗago daga lauje ba.
Ya ce, "Ki bar wa wuta nata."