Awa Shida da Rabi

Kakana da zango yake awon nisa:
kwana kaza a bayan jaki,
a sauke kaya, a hura wuta, gari ya waye.
Ni da litar fetur nake nawa awon.
Saude kuwa waya ta miƙo mini:
"Baba, Abuja zuwa Landan awa shida da rabi ne,
kilomita dubu huɗu da ɗari bakwai da 'yan kai."
Na ce to.
Me mai gyaran keken ɗinki zai ce da dubu huɗu?

A ma'auni jakarta ta haura da kilo biyu.
Ta durƙusa gaban jama'a ta zuge ta,
ta bar littattafan jinya a ciki,
ta ciro kwalbar zuma da ƙullin acca
da uwarta ta kwana tana rairayewa.
"Ka mayar, Baba. Kar ka gaya mata."

Tara saura kwata jirgin ya ɗaga.
Ban gan shi ba. Ƙara kawai na ji
ina laluben canjin da zan biya mai gadin motoci.

A Nyanya muka cushe kamar ashana a kwali.
Mai gyaɗa ya wuce ni sau uku,
na uku har ya gaishe ni.
Na duba agogo, na ce yanzu tana saman rairayi,
inda raƙumi kan yi wata yana tafiya
ita ko shayin da aka ba ta bai huce ba.

Keffi. Akwanga.
Na yi azahar a gindin mangwaro,
na rasa inda zan juya addu'a ta same ta,
sai na ɗaga hannu sama kurum,
tunda dai can take.

A Hawan Kibo tsohuwar motata ta ce ta gaji.
Lagireto ya yi ta huci kamar tukunyar ɗanwake.
Gyang bakanike ya zo a kan babur,
ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai nake gani,
hadari na haɗuwa a kan duwatsu.
Nan wayar ta yi kuka.

"Baba, mun sauka. Kun isa gida?"

Na dubi hawan da ya rage,
Riyom, Bukur, cunkoson Taminus.
Ta ƙetare hamada, ta ƙetare teku,
ni Filato ma ban gama hawa ba.
Na ce, "Saura kaɗan."
Gyang ya yi dariya daga ƙarƙashin mota.

Ta ce agogonmu ɗaya ne yanzu,
sai sanyi ya shigo za su ja baya da awa guda.
Na riƙe wannan kamar guzuri.

Bayan isha'i na shiga Gangare, ruwa na zuba.
Uwarta na bakin zaure da fitila.
"Ta isa?"
"Ta riga ni."
Idonta ya sauka kan ledar da ke hannuna,
ta gane ƙullin da ta ƙulla da kanta.
Ba ta tambaya ba. Ta karɓa, ta shige.

Daga tabarmata zuwa ƙofar ɗakin Saude
taku tara ne, na sha ƙirgawa
lokacin da nake tashinta sallar asuba.
Yau kwana goma sha ɗaya ke nan
ina shirin wannan tafiyar.