Kalla ko Tsallake

Ranar da aka kwashe ɗakin Mista Cawthorne
a gidan tsofaffi na bayan tashar jiragen ruwa, a Grimsby,
'yarsa ta ɗauki agogo da hotuna,
ni kuma ta turo mini kwali da ƙafa:
"Ya ce naki ne, Tasalla. In ba kya so, ga bola can."

Kaset talatin da ɗaya, duk suna warin danshi.
A bayan kowanne ya manna 'yar takarda,
ya yanke hukunci da jan biro,
irin na alƙalin da babu ɗaukaka ƙara bayansa:
kalla, ko tsallake.

Fam shida na sayi bidiyon a kantin gwanjo.
Idan na taso daga aikin dare sai in saki labule,
in haɗa shayi, in tura kaset.

Na farko na ban tsoro ne. Tsallake, in ji shi.
Na yi kunnen ƙashi.
Wata mata da kyandir tana gangarawa ɗakin ƙasa ita kaɗai,
ina ta daka mata tsawa, ke, dawo!
Da dodon ya juya sai ga zif a gadon bayansa.
Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.
Ni da aka rena da labarin mayu a tsakar gida a Gumel,
roba ce za ta kaɗa mini hanji?

Na biyu ya ja masa layi har biyu: kalla.
Ba dodo, ba jini.
Mutum ne kawai yake jin takun sawu a saman bene
a gidan da ba shi da bene.
Da rana tsaka na kwanta, fitila a kunne,
sai da na tofe kusurwa huɗu.

Akwai na gaskiya, waɗanda ba wasa a ciki.
Wani mai tabarau ya yi awa biyu kan kiwon zuma,
na farka na tarar bai gama ba.
Tsoho, ka yi gaskiya.
Sai na masunta, baƙi da fari, teku na tafasa,
takardar ta ce: kalla, minti na arba'in da biyu, hagu.
Na jira.
Ga wani saurayi yana jan koma, ƙanƙara a girarsa,
ya waiwayo, ya yi murmushi, ya wuce.
Daƙiƙa uku.
Hannayen nan na san su.
Shekara biyu ina shafa musu mai,
ina ɓamɓare yatsun daga jikin cokali.
Na mayar baya sau bakwai.

Na iyali ɗaya ne tak a kwalin.
Tsallake, ya danna biron har takarda ta yage.
Uba da ɗa a teburi guda,
ana miƙa gishiri ta hannun uwa
don kada yatsu su haɗu.
Ba wanda ya ɗaga murya. Fim ya ƙare a haka.
Sai na tuna kowace Lahadi yakan sa in taje masa kai,
ya ce in juya kujerarsa ta kalli ƙofa,
bai taɓa faɗin wa ake jira ba.

Na daɗe zaune, allon yana ta yayyafi.
Lambar Yaya Sale tana nan a wayata,
tun rabon gonar Baba ba mu gaisa ba.
Na duba ta. Na kife wayar. Na sake dubawa.

Saura kaset guda, babu takarda a bayansa.
Bidiyon ya tauna zaren, na zaro shi a hankali,
ina naɗewa da ɗan yatsa.
A waje tsuntsayen teku suna faɗa kan ledar shara.
Jan biron yana ƙasan kwalin,
na gwada a tafin hannuna,
yana kamawa.