Tabar Nomau

Ilu ɗan Nomau ya zo da hantsi,
rungume da gwangwanin madara irin na da,
wanda tsatsa ta cinye rubutun jikinsa.
Ya ce, "Baba Tankari, ƙarƙashin gadon tsoho na tsince shi.
An ce kai ka san kuɗin irin wannan shara."

Shara.
Ban tanka ba. Na ja tabarma zuwa inuwar bedi.

Ba a buɗe tsohuwar taba a rana,
ba a taɓa ta da hannun da ya ɗauki kananzir.
Na wanke nawa, na bar shi ya sha iska.
Murfin an liƙe shi da kakin zuma,
ciki tsumman saƙi, cikin tsumma fatar akuya,
cikin fata kitso bakwai, baƙi wuluk,
kwance kamar macizan da sanyi ya kama.

Hanci ke fara ciniki kafin baki.
Na ji lakar Gulbi bayan janyewar ruwa,
na ji dabino, na ji hayaƙin ƙirya,
can ƙasa kuma wani ɗaci mai ladabi
wanda sabuwar taba ba ta koya ba tukuna.
Sabuwa cizo take yi kamar ɗan kwikwiyo.
Wannan ta daɗe da daina faɗa da kowa.

Na lanƙwasa ganye ɗaya, bai karye ba.
Na duba fari-farin da ke bisa.
In furfurar ruɓa ce, gashi take yi da warin tsohuwar rijiya.
Wannan ƙyalli take kamar kanwa a bakin tafki.
Ta Jiratawa ce, gonar bayan tsamiya,
girbin shekarar da jakinmu ya ɓata a Tibiri,
muka komo Bagalam a ƙasa, muna zagin juna.

"Nawa?"
Ya sosa ƙeya. "Jikka biyu, in ba ta yi yawa ba.
Motona na son taya."
A garin da ake taya kaza kamar za a sayi raƙumi,
ni mai saye, ni na ce masa albarka.
Na ƙirga jikka goma sha biyar a tafinsa.
Ya dube ni, ya dubi kuɗin,
ya tafi da sauri kada hankalina ya komo.

Bai san shekara shida ke nan lofena na rataye ba.
Likita ya haska ƙirjina, ya ce in zaɓa,
ko hayaƙi ko sunan jikoki.
Na zaɓa.
Nomau ya yi dariya, ya ɗauki garwashi da yatsa.
Tari ya raka shi har bakin kushewa.

Na sayo tulu wanda bai taɓa shan ruwa ba.
Na ɗora shi bisa duwatsu uku saboda damina,
nesa da daddawar Kuluwa da turaren wutarta,
don taba magulmaciya ce,
duk abin da ta ji a ɗaki sai ta maimaita.
In bazara ta matsa, ganye ya fara ƙara,
ɗan tsumma mai laima a wuyan tulu ya isa.
Kuluwa ta ce, "Kuɗin buhun hatsi
ka rufe a tulu don ka riƙa shinshina?"
Na ce mata e.

Ran Juma'a bayan masallaci nakan buɗe,
in ƙirga: bakwai.
In sa lofe a baki, babu wuta,
in ja iska ta cikinsa har ido ya kawo ruwa.

Shekara ashirin da suka wuce na roƙe ka ita,
ko da cikin lofe ɗaya.
Ka juye aljihu, ka kaɗe batta a gabana,
ka ce ta ƙare tun bara.

Maƙaryaci.
Wa kake ajiye wa, Nomau?